Shin Ko Kun San? Da Fartanya Gobirawa Suka Fara Shigowa

Shin ko kun san cewa Gobirawan da ke noma fadamun gulbin Rima, daga Sabon Birni har Isa, kakanninsu zuwa suka yi? Tarihin da aka gada daga bakin magabata ya ce daga Azbin suka gangaro, suka yi dogon zango a Birnin Lalle, wajen Dakwaro ta Jamhuriyar Nijar ta yau.

Ko kun san ba da yaƙi suka fara shiga wannan ƙasa ba? A farkon ƙarni na 18 ƙasar Zamfarawa ce. Gobirawa suka riƙa sulalowa gida-gida, da iyalansu da dabbobinsu da irin shuka, suna roƙon wurin zama ana ba su. Abin da ya jawo su a bayyane yake: arewa ruwa ya yi ƙaranci, nan kuwa ga tudu na gero da dawa, ga fadama da ke riƙe danshi bayan gulbi ya janye. Wanda ya fara samun gona sai ya aika wa ɗan'uwa, ɗan'uwa ya taho da suruki, bukkoki uku su zama tunga, tunga ta zama gari. Ina ganin masu rubuta tarihi ba su yi wa waɗannan manoma adalci ba. Sunayen sarakuna duk an haddace su, amma wanda ya sare dajin, ya haƙa rijiyar farko, ya kafa rumbu, babu mai ambatonsa, alhali da guminsa sarautar ta samu wurin zama.

Ko kun san sunan Alkalawa, in ji masu ba da labari, daga gonar Alƙalin Zamfara ya fito? Nan aka ba baƙin masauki. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, masaukin baƙi ya zama babban birnin Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. Kufan birnin yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni.

Ko kun san hijirar ta sake juyawa arewa? A 1808 rundunar jihadi ta ci Alkalawa, Sarki Yunfa ya rasu a yaƙin, jama'a suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da su ma suka baro gida suka riga suka zauna.

Sabon Birni fa? Saɓani a gidan sarautar Tsibiri ne ya haife shi. Wajen shekarun 1860 Ɗan Halima ya taso da mutanensa, ya dawo bakin gulbi kusa da tsohuwar Alkalawa, ya kafa gari. Ita kuwa Isa ta ɓangaren Sakkwato ce, ribaɗi mai tsaron iyaka, amma sarautarta ita ma Sarkin Gobir ake ce mata.

Ko kun san iyakar da ta raba Sabon Birni da Tsibiri ba ta daɗe ba? Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 ne suka zana ta, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Duk da haka, zanen Gobiranci a kumatu, shida a gefe guda bakwai a ɗaya, iri ɗaya ne ta kowane ɓangare. Aure bai tsaya ba, cin kasuwa ma haka.

Wannan zumunci ne ya yi rana daga 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Runji. Kafin hukumomin agaji su iso, talakawan ƙauyukan can ne suka buɗe zaurukansu, suka raba ɗan geron da ke rumbu da baƙin. Gonaki da yawa na bakin Rima sun yi damina bayan damina babu mai shiga, masu su na can suna jiran hanyar komawa gida.