Karnukan Birnin Zazzau da Iyakar Allurar Rigakafi

Shekarar 2030 ce wa'adin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta masu kula da abinci da lafiyar dabbobi suka ɗiba domin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta ciwon haukan kare, kuma Nijeriya ta bi sahu da nata shirin na ƙasa na shekarun 2022 zuwa 2026. Ƙiyasin hukumar ya nuna cewa ciwon yana hallaka kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin kowane goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Wa'adin ya ƙarato, amma har yanzu maganar tana tashi ne a kusa da 28 ga Satumba, ranar da aka ware wa ciwon, a yi wa karnukan da aka kawo allura, sannan a nannaɗe tabarma sai baɗi. A unguwannin birnin Zariya irin su Ƙofar Jatau wannan tsari ba zai kai ga gaci ba, domin ya bar babban al'amari a gefe, wato haihuwar da karya ke yi ba tare da kowa ya tsara ta ba.

Karen da ake gani da dare a kan juji ko a bakin kwata ba lalle ne ya zama marar ubangida ba. Galibi na wani ne, ko dai mafarauci, ko manomi mai gona a bayan ganuwa, ko maigidan da ke neman mai yi masa haushi idan dare ya tsala, kuma tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a shekarar 2021 mazauna gefen Zariya sun sami ƙarin dalilin ajiye shi. Fiƙihun Malikiyya ya ba da damar riƙe kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. Sai dai al'ada ta ajiye shi a wajen gida: ana amfana da shi, ba a cika taɓa shi ba, ana ba shi ragowar tuwo idan an samu, sauran cikinsa kuwa ya nema da kansa. Karen da ya dogara da juji dole ya yi yawo, kuma a wannan yawon ake barbara, ake faɗa, ake cizon da ke ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan zuwa wancan.

Masana sun yi ittifaƙi cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, kuma aka riƙe wannan adadi, cutar za ta rasa hanyar yaɗuwa. Wahalar tana wajen riƙewa. Karya tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta cika shekara, cikin yana ɗaukar kwana 63 ko kusa da haka, tana iya zuba 'yan kwikwiyo biyar ko shida a haihuwa guda, wata ma sau biyu a shekara, kuma kowane ɗan kwikwiyo sabon kare ne da allurar bara ba ta shafa ba. A ɗaya ɓangaren, waɗanda aka yi wa allurar suna ƙarewa da wuri: mota ta banke wannan, cuta ta kashe wancan, fatake kuma su kwashi wasu zuwa kasuwannin karnuka irin ta Dawaki a jihar Filato. A misali, idan aka yi wa 70 cikin karnuka 100 allura, sannan sulusin garken ya sauya cikin shekara, waɗanda ke da kariya za su koma ƙasa da rabi, ke nan aikin ya zama zuba ruwa a kwando. Birnin Injamena na ƙasar Chadi ya nuna ɓangarorin biyu: gangamin allura na shekarun 2012 da 2013 ya kai adadin da ake nema har cutar ta lafa, amma da aka dakata, kariyar ta zaizaye, cutar kuma ta dawo.

Fiɗiya, wato cire wa namiji 'ya'yan maraina, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya daɗe yana mai da bunsuru taure. Amma a sha'anin yawan karnuka amfaninta kaɗan ne, domin kare guda da ya tsira zai wadaci dukkan matan unguwa. Abin da ke rage haihuwa shi ne cire wa mace mahaifa da ƙwayayenta, wanda tiyata ce ta buɗe ciki mai bukatar maganin sa barci da kayan aiki masu tsabta da hannun likita. Zariya ba ta rasa likitan ba, tunda Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi tun shekarun 1960, da asibitin koyarwa a Samaru. Tazarar da ke tsakanin Samaru da cikin birni ce matsalar, kuma ba ta kilomita kaɗai ba ce. Mai keke Napep ba zai yi marmarin ɗaukar kare tare da fasinja ba, mai karen ba ya son a gan shi rungume da shi a titi, kuɗin aikin kuma yana iya zarce abin da aka sayi dabbar, idan ma ba kyauta aka same ta ba. Ga mafarauci kuwa, karya mai zafin nama jari ce, domin 'ya'yanta ake nema.

Ita kanta karyar tana cin moriyar aikin tiyatar: yana kare ta daga ruɓewar mahaifa, yana rage hatsarin sankarar nono idan aka yi da wuri, yana kuma toshe hanyar wani ƙari mai zubar jini da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Matsalar haihuwar ba ta tsaya kan kare kaɗai ba: kyanwa ba ta da bakin jinin kare, ana ma marhabin da ita saboda ɓera, musamman a ƙasar da zazzaɓin Lassa ya zama bala'in kowane rani, amma tana iya haihuwa har sau uku a shekara, kuma 'ya'yan da aka rasa mai karɓa kan ƙare a cikin buhu a bayan gari.

Akwai masu ganin aikin sauya halittar Allah ne, kuma ba a raina damuwarsu. Sai dai Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin, ta halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ta kuma ambaci hani game da dawaki, abin da ke nuna cewa hukuncin yana bin maslaha, kuma tsare ran yaro ya fi gyaran nama nauyi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu lissafi, waɗanda ke cewa kuɗin tiyata guda zai yi wa karnuka da yawa allura. Gaskiya ne, allura ce kan gaba, kuma tiyata ba ta hana kare haukacewa, abin da take yi shi ne tsawaita amfanin allurar. Masu kiran a zuba wa karnuka guba kuwa ba su da madogara, domin gubar ba ta tantance wanda aka yi wa allura, kuma muddin juji na nan wasu karnukan za su maye gurbin.

Birnin Jaifur na Indiya ya fara haɗa tiyata da allura a shekarar 1994, ya fi mai da hankali kan mata, daga bisani yawan karnukan titi ya ragu, mutuwar mutane ta wannan ciwo kuma ta tsaya a yankin da shirin ya game. Abin da ya yi kama da wannan a Zariya shi ne a daina jiran mai kare ya je Samaru: a kafa rumfar aiki a bakin ƙofofin birni a ranakun da aka sani, likitoci da ɗalibansu na ajin ƙarshe su yi tiyata da allura a zama guda, masu unguwanni da shugabannin mafarauta su yi gayya, a kuma sa wa kowace dabbar da aka gama da ita alama a kunne domin a iya ƙidaya abin da ya rage a unguwa.