Ƙaramin Jiki A Ajin Matsakaita: Labarin Emile Griffith

A damben zamani, ajin matsakaita nauyi ya tsaya a kan laba 160, ajin da ake kira walta kuwa a kan laba 147. Laba 13 ce tsakaninsu, amma 'yan dambe da dama sun taka wannan gada sun rufta.

Ranar 25 ga Afrilu, 1966, Emile Griffith, zakaran duniya na ajin walta, ya kara da Dick Tiger na Nijeriya a dandalin Madison Square Garden da ke Niyok. Ma'auni ya nuna Griffith bai cika laba 151 ba, Tiger kuwa ya cika 160 cif. Sanin haka ya sa Griffith ya ƙi tsayawa a yi gaba da gaba. Sai ya riƙa zagaya Tiger, ya kai naushi ya janye. A turmi na 9 ya kai shi ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi. Bayan turmi 15 alƙalai suka ba Griffith kambi, ko da yake 'yan jarida da yawa sun ce Tiger aka zalunta.

To, amma tsawon su biyun kusan ɗaya ne, kuma nan asirin yake. Da Griffith ya gamu da dogo, wato Carlos Monzon na Ajantina, a 1971, zagayen bai fisshe shi ba. Monzon ya riƙa tare shi daga nesa da dogon hannu, har alƙalin wasa ya tsai da damben a turmi na 14.