Abin da Rerawa da Amshi Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Aliyu Namangi, mawaƙin Zazzau da ya rasu a 1990, bai taɓa ganin baƙi ko ɗaya na waƙoƙinsa a takarda ba, domin ya makance tun yana ɗan ƙarami. Duk da haka ya tsara Imfiraji mai ɗaruruwan baitoci, ya riƙe ta a ka, yana rerawa wasu suna rubutawa, har aka buga ta a Zariya. Makafi masu bara suka ɗauke ta da kunne suka kai ta garuruwan da shi kansa bai taka ba.

Baiwa ce daga Allah, babu musu, amma baiwar tana da hanyar da take bi. Karin waƙa yana ƙayyade yawan gaɓoɓin da za su shiga layi, amsa-amo yana rage kalmomin da za su iya rufe shi, murya kuma tana jan baiti na gaba tun kafin na baya ya ƙare. Idan kalma ta kuɓuce, waɗannan ukun sukan nuna wa mai rerawa inda take. Malaman Islamiyya na Samarun Zariya da ke sa yara rera darasi da muryar waƙe, da malaman firamare da ke koyar da jadawalin sau da kari, wannan dabarar suke amfani da ita, ko sun san sunanta a kimiyya ko ba su sani ba.

A Samarun ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu irin nasa ya san aikin ba na wasa ba ne. Hannu ɗaya na bugu, ɗayan na matse igiyoyi yana sassautawa don sautin ya hau ya sauka kamar maganar Bahaushe, kunne na wajen mawaƙi da 'yan amshi, ido na kan mutumin da ake wa kirari. Duk a lokaci guda, kuma jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya ɓata kiɗan. Ayyuka kaɗan ne ke haɗa ji da gani da motsi da tuni wuri ɗaya haka, kuma shekaru na irin wannan horo suna barin alama a jiki. A 1995 Gottfried Schlaug da abokan aikinsa a Jamus suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƙwararrun makaɗa, suka tarar damin jijiyoyin da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu ya fi na waɗanda ba makaɗa ba kauri a gaba, musamman ga waɗanda suka fara koyo kafin shekara 7. Masu fiyano da gogen Turai aka auna, amma ɗan makaɗin da ke bin ubansa da ƙaramar ganga tun yana yaro a waɗannan shekarun yake farawa.

Daɗin da mutum ke ji ma an auna shi. Masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2011 cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin lokacin da kiɗa ya kai inda tsigar jiki ke tashi, har ma da ɗan lokaci kafin a kai wurin, mai sauraro yana ɗokin isowarsa.

Sai dai mafi girman amfanin yana wajen yi tare da jama'a, kuma a nan Sabon Garin Zariya na da abin nunawa. Unguwar ta taso ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ta tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen kudancin Zazzau da Hausawa fatake, kowa da harshensa. Har yau da yamma akan ji mawaƙan coci suna gwaji, matan zumunta suna buga tulu suna amshi, a wani layin kuma 'yan makaranta suna shirin waƙoƙin Mauludi. A 2013 an sa wa matasa na'ura a birnin Gotenbag na Suwidin suna rera waƙa tare, aka ga bugun zuciyarsu yana hawa yana sauka lokaci guda. Dalilin numfashi ne: baiti yana tilasta kowa ya ja iska wuri ɗaya, ya sake ta a hankali, fitar da numfashi a tsanake kuwa yana rage gudun zuciya. Wani binciken na Jami'ar Okusfod a 2015 ya gano cewa baƙin juna da aka haɗa a ajin waƙa sun fi saurin shaƙuwa a kan waɗanda aka haɗa a ajin rubutu ko sana'ar hannu. Manoman da suka yi gayya da gangar noma ba za su yi mamakin wannan ba.

Akwai darasi a nan ga iyalan da ke jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, cutar da hawan jini ke jawowa, take kai mutane da yawa asibitin koyarwa na Shika. A Helsinki ta ƙasar Finlan an raba majinyata 60 gida uku. Waɗanda suka riƙa sauraron kiɗan da suke so kullum, ƙarfin tuna kalmominsu ya ƙaru da kashi 60 cikin 100 bayan wata uku, masu sauraron karatun littafi kashi 18, waɗanda ba a ba komai ba kashi 29. Masu sauraron kiɗan sun kuma fi samun sauƙin ƙuncin rai. An buga sakamakon a 2008. Tun 1973 likitoci a Boston suka fara koya wa waɗanda maganarsu ta ɗauke su rera gajerun jimloli, saboda wasu da ba sa iya cewa a ba su ruwa suna iya rera tsohuwar waƙa. Wannan ba ya maye gurbin magani ko gashin da likita ya tsara, ƙari ne da ba ya cin ko sisi. Ga gidan da ke bin malaman da suka hana kayan kiɗa, murya kaɗai ta wadatar wajen numfashi da tuni da haɗuwar zukata.

Abin takaicin shi ne bakunan da ke rerawa suna raguwa. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, gaɗar 'yan mata a dandali ta ja baya, gidan biki da a da mata ke kiɗan ƙwarya da shantu yanzu mai kwamfuta da lasifika ake ɗauko masa. Ɗalibi a Samaru na iya wuni da abin sauraro a kunne ba tare da ya buɗe baki ya yi amshi ko sau ɗaya ba. Kuma kunnen na biyan farashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar da ta wuce kima, ta kuma sa iyakar desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba. Lasifikan biki da na masu tura waƙa a waya cikin kasuwar Sabon Gari sukan haura wannan nesa ba kusa ba, kuma ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam.