Shawara Ga Mai Niyyar Ziyarar Birnin Landan Ta Kwana Uku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran ma'abuta ilmi, waɗanda Allah ya kan nufe su da zuwa Ingila, ko don kwas, ko don taro, ko don ganin ɗa mai karatu can, har su sami rarar kwana biyu ko uku a birnin Landan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da yawa cikin mutanenmu su kan kashe kuɗin da suka yi shekara suna tarawa, su je su komo, in ka tambaye su abin da suka gano, sai su lissafa maka kantunan Oxford Street da ɗakin ɗan'uwan da ya sauke su. Takalmi da agogo kuwa ai ana samunsu a kasuwar Sabon Gari.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, Malam Abubakar Imam ya tafi cikin ƙungiyar editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Gwamna Lugga, ya komo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. A zamaninsu jirgin ruwa ya kan yi wajen mako biyu daga Ikko zuwa Ingila. Yau jirgin sama daga Abuja sa'a shida ne da 'yan mintoci, saboda haka ba mu da hanzari.

To, a sani tun da fari, Landan ba ta ganuwa cikin kwana uku, gama mutanenta sun kusa miliyan 9. Amma tsohon birnin ba shi da faɗi, kuma duk a bakin kogin Tems yake. Asalinsa garuruwa biyu ne suka haɗe. Na gabas shi ne wanda Rumawa suka kafa wajen shekara ta 47 bayan haihuwar Annabi Isa, nan ne mazaunin attajirai har yau. Na yamma, Westminster, nan sarki da majalisa suke. Tsakaninsu bai fi mil biyu ba, watau kamar fada da kasuwa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya raba kwanakinsa bisa gare shi, ba zai ƙare kuɗinsa da ƙarfinsa yana kai da kawowa ƙarƙashin ƙasa ba.

Shiri tun daga gida ake fara shi. Ɗan Nijeriya sai da biza, ana cika takardarta ta intanet, a je a ɗauki zanen yatsu, amsa kuwa ta kan ɗauki wajen mako uku, kuma ba a karɓar roƙo sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka. Kada ka biya kuɗin jirgi wanda ba a mayarwa tun bizar ba ta fito ba. In kana da zaɓin lokaci, ka zaɓi Mayu ko Yuni ko Satumba. A Yuni yini ya kan haura sa'a 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A Disamba kuwa yini bai cika sa'a 8 ba, kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, har Azahar da La'asar da Magariba su kan taru cikin 'yan sa'o'i kaɗan, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ko wane wata ne dai, ka riƙe laima da rigar sanyi, da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi.

Malamai sun san matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana yin ƙasaru a mazhabar Imamu Malik, to, irin wannan ziyara tana cikin hukuncin nan. Abin da a kan manta shi ne alƙibla: mu nan mun saba fuskantar gabas, amma daga Landan Makka tana kudu maso gabas. Kuma ka sa 'yar buta ko gora cikin jaka, gama makewayin Turawa ba a ajiye ta.

Wajen masauki, shawarata unguwar Paddington ko Bayswater. Ɗakunan ƙanana ne da tsada, kamar ko'ina a birnin, amma jirgin ƙasa daga filin jirgin sama na Heathrow yana kawo ka Paddington cikin wajen rabin sa'a, Edgware Road inda Larabawa ke sayar da abincin halal tana nan kusa, kuma Babban Masallaci na Regent's Park, wanda aka gama gininsa a 1977, ana iya zuwa da ƙafa. Sule da sisi sun ƙare a Ingila tun 1971, yanzu fam guda kwabo 100 ne. Motocin bas ma sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin banki ko katin Oyster wanda a ke saye a tasha. Da shi za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1863, shi ne na fari a duniya, yau yana da layi 11 da tasha 272. In za ka ƙetare titi ka fara duban dama, don su har yanzu hannun hagu suke tuƙi, mu kuwa mun bar shi tun 1972.

Rana ta fari ka ba fada. Ka fita tashar Westminster da sassafe, kana ɗaga kai sai ga babban agogon nan bisa kanka. Big Ben da a ke faɗi sunan ƙararrawar da ke ciki ne, nauyinta ya fi ton 13, ta fara bugawa a 1859. Tsallaken titi ga majami'ar da a ke naɗa sarakunan Ingila tun 1066, a nan aka naɗa Sarki Charles na Uku ran 6 ga Mayu 2023. Shiga da kuɗi ne, ran Lahadi kuma ba a buɗe ta don 'yan kallo. Daga nan ka ratsa lambun St James's zuwa fadar Buckingham. Dogaran sarki masu jajayen riguna su kan canja gadi wajen ƙarfe 11, amma ba kowace rana ba, kuma taron 'yan kallo ya kan yi yawa har gajere ba ya ganin kome sai ƙeyar na gabansa. Ni a ganina wannan bai kai a ɓata masa safiya ba.

Abin da ya fi cancanta ɗan ƙasarmu ya tsaya ya duba yana 'yan taku kaɗan daga fadar, wani gida mai suna Lancaster House, wanda masu yawo ke wucewa ba su ko waiwaya. A cikinsa aka yi taron tsarin mulkin Nijeriya a 1957 da 1958, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Awolowo da Azikiwe suka zauna da Turawan mulki, kuma a zama na 1958 ne aka tsai da 1 ga Oktoba 1960 ta zama ranar mulkin kai. Gidan gwamnati ne, ba a barin kowa ya shiga, amma malamin da ya shekara goma yana koya wa yara wannan labari, ya kamata ya ga bangon da ido. Sa'an nan ka bi babban titi zuwa dandalin Trafalgar, ka gangaro ta Whitehall, ka leƙa gidan Firayim Minista ta bayan ƙyauren ƙarfe, ka komo Majalisa. Ranakun da suke zama, baƙo na iya bin layi ya hau bene ya saurari muhawara kyauta. A zauren nan aka zartar da dokar ba Nijeriya mulkin kai a 1960.

Rana ta biyu ka nufi gabas, zuwa tsohuwar kagarar da Turawa ke kira Tower. Ka sayi tikiti ta intanet tun da dare, ka isa a kan buɗe ƙofa. Sarki William, wanda ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya fara gina farar hasumiyar tsakiya wajen 1078, watau 'yan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano bisa lissafin Tarihin Kano. Ta yi fada, ta yi kurkuku, ta yi gidan buga kuɗi. A filinta aka sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, a 1536. Ka fara da ɗakin kayan sarauta tun layi bai yi tsawo ba. Lu'ulu'un da ke kan sandar mulki an yanko shi daga dutsen Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, wanda a ke kira Koh-i-Noor kuwa daga Indiya aka karɓo shi a 1849, kuma har yau Indiyawa suna neman abinsu. Za ka ga hankaki baƙaƙe wuluk suna yawo a fili, da dogari mai kiwonsu. Camfin mutanen ne cewa ran da hankakin suka bar wurin mulki zai faɗi, don haka ba a barin su kasa shida. Ashe camfi ba a ƙauyenmu kaɗai yake ba.

In ka fito, kusa da tashar Tower Hill akwai guntun ganuwar Rumawa a tsaye. Gaba kaɗan ga dogon ginshiƙi mai ƙafa 202 da matakala 311, na tunawa da gobarar 1666, wadda ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Da azahar ka shiga jirgin ruwa daga bakin kagara zuwa Greenwich, tafiyar wajen rabin sa'a, ga hutun ƙafa ga kallon birni daga ruwa. Bisa tudu can akwai gidan duban taurari da aka kafa a 1675, da layin da ƙasashe suka yarda a 1884 ya zama mafarin lissafin gabas da yamma. Layin nan da malamin labarin ƙasa ke zanawa a allo da alli, ga shi an shimfiɗa shi da ƙarfe a ƙasa, kuma shi ne ya miƙe kudu ya ratsa Gao ta Mali, ya faɗa teku a Tema ta Ghana.

Rana ta uku ta ilmi ce, kuma ba ta cin ko kwabo, gama manyan gidajen ajiye kayan tarihi na gwamnati kyauta a ke shiga. British Museum, wanda aka kafa a 1753, yana da kaya wajen miliyan 8, wanda ya ce zai bi ɗaki ɗaki zai fito da ciwon ƙafa da ciwon kai kawai. Ka zaɓi uku. Ka ga dutsen Rosetta, wanda ta kansa aka gane rubutun Fir'aunoni. Ka hau ɗakin kayan ƙasashen Musulmi. Kana ka sauka ƙasa ɗakin Afirka, ka tsaya gaban allunan tagulla na Benin. Sojan Ingila ne suka kwashe su daga fadar Oba a 1897, gidan nan kaɗai yana riƙe da wajen 900. Jamus ta sa hannu a kan mayar da nata a 2022, haka ma wani ƙaramin gida na Horniman a nan Landan, amma wannan babban gida yana kafa hujja da wata doka ta 1963 wadda ta hana shi fid da abin da ke ajiye. Dokar kuwa Majalisar da ka gani shekaranjiya ita ta yi ta, ita ce kuma ke da ikon warware ta. Ka dubi aikin da kyau, ka ga yadda maƙeran suka fid da murjani da sulke da ƙararrawar wuyan mayaƙa ɗaya ɗaya, don ka san abin da a ke jayayya a kansa.

Daga nan tafiyar minti 20 ce da ƙafa zuwa babban ɗakin littattafai na ƙasa, British Library, kusa da tashar St Pancras. A ɗakin nune-nunensa a kan ajiye Magna Carta, takardar da hakimai suka tilasta wa Sarki John hatimcewa a 1215 don a iyakance ikonsa. Cikin taskarsu har da Alƙur'anin Baibars, wanda aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, mujalladi 7, a kan fito da ɗaya a buɗe shi cikin gilashi. Alaramman da ya san wahalar rubuta sittin da tawada da alƙalamin kara, ba sai an gaya masa ya daɗe a wurin ba.

In ranar ta faɗo Jumma'a, ka gama da gidan tarihi kafin ƙarfe 12 ka nufi Regent's Park da wuri, gama masallacin ya kan cika har waje, ɗakin littattafai ya jira bayan salla. Tsarabar iyali kuwa a bar ta sai maraicen nan na ƙarshe, kantunan Oxford Street ba su rufewa da wuri in ba ran Lahadi ba. A can ka sa wayarka cikin aljihu, don ɓarayi bisa keke su kan fizge ta daga hannun mai tafiya. Kashegari ka isa Heathrow sa'a uku kafin tashin jirgi.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta