Me Ya Sa Masu Tseren Mota Ke Mayar Da Batir Cikin But?

Idan kana kallon bidiyon tseren motoci a TikTok ko YouTube, wataƙila ka ga ana cire batir daga gaba a mayar da shi but. Dalilin shi ne nauyi.

A tseren miƙaƙƙiyar hanya mai mita 402, wanda ya fi tashi da kyau shi ke da nasara. Batir kan kai kilo 15 zuwa 20, idan ya koma baya sai ya ƙara danne tayoyin baya su kama kwalta. Wannan yana amfanar motar da tayoyin baya ke turawa, irin yawancin BMW da Mercedes. Amma Corolla, Civic da Golf da muke gani daga Samaru zuwa Sabon Gari, tayoyin gaba ke jansu, rage musu kamu za ka yi.

Akwai kuma haɗari. Doguwar waya marar fiyus idan ta goge ta taɓa bodi, gobara za ta tashi. Dole a sa waya mai kauri, fiyus kusa da batir, da rufaffen akwati mai bututun fitar da iskar haidurojin waje. Hukumar tsere ta NHRA a Amurka ta wajabta har da makashin wuta a bayan motar.

Idan motarka ta zuwa aiki ce, bar batir inda kamfani ya ajiye shi.