Shin Shafa Wa Salansa Tangaran Yana Sanyaya Injin Ƙaramin Jirgin Sama?

Idan salansar babur ta taɓa ƙona maka ƙafa, to ka san zafin da hayaƙin inji ke ɗauke da shi. A ƙananan jiragen sama irin su Cessna 172, masu injin Lycoming da iska ke sanyaya shi, hayaƙin kan fito da zafin digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Bututun da yake bi kuwa yana cikin rufin inji ne, dab da wayoyi da robobi da tiyon mai.

Shi ya sa wasu masu jirage ke sa a fesa wa bututun wani siririn shafi na tangaran, wato seramik. Tangaran ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi, don haka zafin sai ya bi hayaƙi ya fice. Cikin rufin inji ya ɗan sarara, wayoyi su daɗe, haɗarin mai ya tafasa cikin tiyo ya ragu.

To, inji fa, ya yi sanyi? Ba sosai ba. Abin da matuƙi ya fi sa wa ido shi ne zafin kan silinda. Iyakarsa a yawancin injinan Lycoming digiri 260 ne, ana kuma so ya tsaya kusa da 200. Wannan zafi ya dogara ne da iskar da ke bi ta kan silinda, da yadda aka gauraya mai da iska, da lokacin da filogi ke ba da wuta. Shafin bai taɓa ko ɗaya ba.

Sannan akwai haɗari. In waje kaɗai aka shafa, zafi zai maƙale a jikin ƙarfen, yana iya saurin tsagewa. Shafin kuma kan ɓoye tsaga daga idon makaniki. Ka tuna, daga jikin salansar nan ake ɗibar ɗumin ɗakin matuƙi, tsaga a wurin na iya shigar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa. Daga nan kuma ake samun iska mai zafi da ke narkar da ƙanƙara a kafireta. Ka rage zafin wurin, ka rage kariya.

Saboda haka a Amurka an fi ganin shafin a jiragen da mutane ke harhaɗawa da kansu. In kan silinda na zafi, fara duba hanyoyin iska tukuna.