Idan shafi na mutuwa a wayarki da zarar hoto ko bidiyo ya buɗe

Uwargida, kin san wannan takaicin. An turo miki adireshin wani shafi a zauren WhatsApp na dangi, ko hotunan ɗinkin sallah ne, ko bidiyon yadda ake haɗa alkaki. Kin danna, rubutu ya fito, hoton farko ya fito, na biyu ya fara sauka, sai fuskar wayar ta yi fari fat. In Chrome kike amfani da shi, wata 'yar fuska mai ɓacin rai za ta bayyana da rubutun "Aw, Snap!". Wani lokaci kuma ba sallama ba ban kwana, shafin ya koma farko da kansa, ko burauzar ta rufe gaba ɗaya.

Da a kallon ɗinki abin ya tsaya, da asarar data ce kawai, ita ma ba ƙarama ba tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. To amma a Gidan Dare, kamar sauran unguwannin Sakkwato, wayar uwa ita ce ofishin gida. A cikinta ake duba sakamakon JAMB da NECO, a cikinta ake cike takardar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, a cikinta mai saida atamfa da turaren wuta ke nuna wa masu saye kaya. Shafin da ya mutu ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta ba abin dariya ba ne.

Kafin ki ce wayar ta lalace, ko ki ɗora wa yara laifi, ki san cewa wuri biyu waya ke da shi na ajiya, kuma mutane da yawa na ɗaukar su abu ɗaya. Na farko rumbu ne, inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke kwance, shi ne ake rubuta 32GB ko 64GB a jikin kwali. Na biyu faifai ne, wanda masu waya ke kira ram, inda wayar ke baza abin da take aiki a kansa yanzu-yanzu. Rumbu ko buhu ɗari yake ci, tsintar shinkafa a faifai ake yin ta, kuma faifan ƙananan wayoyin itel da Tecno da Infinix da suka cika hannun mata sau da yawa 2GB ne ko 3GB, tsofaffin ma 1GB. A cikin wannan ɗan wurin tsarin Android ya riga ya ɗebi kasonsa, WhatsApp na zaune a gefe, Facebook da TikTok ma ba su tashi ba.

Shi kuwa hoto halin garin kwaki gare shi, a leda kaɗan ne, in ya sha ruwa ya cika kwano. Hoton da aka ɗauka da kyamara mai megafiksel 12 zai iya sauka a wayarki bai fi 3MB ba saboda a matse yake. Kafin a nuna miki shi sai an warware shi, kowane ɗigo cikin ɗigo miliyan 12 ya ci bayit 4, wato kusan 48MB ke nan hoto ɗaya in an baza shi duka. Ki lissafa shafin da mai shi ya jera irin waɗannan guda 20 bai rage musu girma ba, ga tallace-tallace na motsi sama da ƙasa, ga bidiyon da ke kunna kansa ba a tambaye shi ba. Faifai ya cika, sai Android ta zubar da wani abu don wayar ta ci gaba da numfashi. Abin da ta zubar shi ne shafin da kike karantawa.

Saboda haka maganin farko rage kaya ne a kan faifan. Ki danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan ki share su, musamman wasannin yara da TikTok. Sannan ki dubi ɗan akwatin nan mai lamba a saman Chrome, adadin shafukan da ke buɗe ne. In maimakon lamba kika ga alamar murmushi, to sun kai 100, Chrome ma ya gaji da ƙirga. Ba dukkansu ke cin wuri a lokaci guda ba, amma na baya-bayan nan suna ci. Ki danna akwatin, ki danna ɗigo ukun da ke sama, ki zaɓi "Close all tabs". Daga nan ki kashe wayar ki sake kunnawa. Akwai wayoyin da ke wata guda ba a kashe su ba sai in caji ya ƙare, alhali wannan ɗan aikin na minti biyu shi kaɗai na warware rabin matsalar.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: in a cikin Facebook kika danna adireshi, shafin a cikin Facebook ɗin yake buɗewa, wato kaya biyu a kai ɗaya. Ki danna ɗigo ukun da ke kusurwa ki zaɓi a buɗe shi a burauzar waje, sannan ki rufe Facebook. Bidiyon YouTube kuma ki buɗe shi a manhajar YouTube, ki sauke ingancinsa zuwa 360p. A ƙaramar fuskar waya za ki ga hannun mai girkin sarai, data kuma ta yi auki.

Rumbun ma yana da nasa laifin, domin burauza na buƙatar fili ta ajiye gutsattsarin bidiyo yayin da yake sauka. Ba sai an yi duba ba a san mai cika rumbun uwa: zauren makarantar Islamiyya, zauren 'yan adashi, zauren dangin miji, kowa na turo wa'azi da bidiyon biki da gaisuwar Juma'a, wayar kuma na saukewa da kanta. Ki shiga "Settings" na WhatsApp, ki shiga "Storage and data", sannan "Manage storage". Zai ware miki abubuwan da suka fi 5MB da waɗanda aka yi ta turawa hannu-hannu, ki goge abin da ba kya so. A nan ƙasa kuma ki hana bidiyo sauka da kansa. A ganina duk wayar da ba ta da filin 2GB a sake, a takure take. Wasu wayoyin Tecno da Infinix na da MemFusion, mai aron wuri daga rumbu ya ƙara wa faifai. Yana ɗan taimakawa, sai dai wurin aro bai kai na asali sauri ba, kuma rumbun da ya cika ba shi da abin bayarwa aro.

In shafi ɗaya ne tak ke mutuwa, sauran lafiya lau, ki gwada buɗe shi a shafin sirri na Chrome, wanda aka rubuta "Incognito". In ya buɗe a can, to wani tarkace ne da burauzar ta ajiye ya lalace. Ki shiga "Settings" na waya, ki nemo Chrome a jerin manhajoji, ki shiga wurin ajiyarsa. A nan ki buɗe ido, maɓalli biyu ne kusa da juna. "Clear cache" shara ce kawai, ba abin da za ki rasa. "Clear data" kuwa kwashe kayan ɗaki ne, zai fitar da ke daga duk shafukan da kika shiga, in kuma ba ki riƙe kalmomin sirrinki ba, kin jawo wa kanki wata wahalar. Na farkon za ki danna.

In duk da haka ya ƙi, ki gwada shi a wayar maigida ko ta maƙwabciya. Ya mutu a can ma, laifin masu shafin ne, ba abin da za ki taɓa a wayarki ya gyara shi. Don karatun labarai da girke-girke Opera Mini na da amfani, domin tana matse shafi a kwamfutocin kamfaninta kafin ya iso gare ki, har za ki iya rage ingancin hotuna ko ki kashe su. Amma kada ki cike fom ko ki biya kuɗi da ita tana cikin matsi mai tsanani, wasu maɓallan ba sa aiki a haka.

Wani lokaci kuma ba wayarki ba ce, ba shafin ba ne, manhajar ce ta zo da aibu daga kamfani. A watan Maris na 2021 wani sabuntawa da Google ya saki na Android System WebView, ɓangaren da manhajoji ke amfani da shi su nuna shafukan intanet, ya sa Gmail da wasu manhajoji da yawa suka riƙa rufe kansu a duniya baki ɗaya. Gyaran da aka yi shi ne sabunta WebView ɗin da Chrome a Play Store. Don haka ki leƙa can ki sabunta su biyun, ko da daddare ne da garaɓasar data. Sai dai tsufa na da iyaka, tun ƙarshen 2023 Chrome ya daina fitar da sabo ga wayoyin da ke kan Android 7.

Ga kuma zafinmu na Sakkwato. Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu ana wuce 40 ba a ko yi mamaki ba. Waya in ta ɗau zafi rage gudu take yi don ta ceci kanta, bidiyo ya riƙa sarƙewa, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Mafi muni shi ne abin da kowa ke yi, an kawo wuta, an maƙala caji, ana kallo a lokaci guda, wayar na cikin riga mai kauri a kan katifa. Ki cire mata rigar, ki ajiye ta a inuwa a kan siminti ta huce. Ban da firij, raɓa za ta shiga cikinta. In kika ga bayanta ya kumbura, batir ne, ki daina caji ki kai wa mai gyara a ranar.

Akwai tarko a nan da ya kamata ki gargaɗi yara a kansa. Shafi na cikin wahala sai wani talla ya faɗo da jan rubutu, wayar har da girgiza, wai an gano ƙwayoyin cuta, ki danna a wanke. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarki, ƙarya ce. Manhajojin "wanke waya" da suke turawa su ma zama suke yi a kan faifan suna zuba talla, wasu har da neman izinin karanta saƙonninki, inda lambobin banki ke shigowa. In akwai irinsu a wayar, ki cire.

Ranar biyan kuɗin makaranta ko duba sakamako, ki shirya kamar mai shirin girkin baƙi. Ki kashe wayar ki kunna, shafi ɗaya kawai a buɗe, da sassafe kafin gari ya yi zafi. In ta Remita ake biya, da zarar lambar RRR mai lamba 12 ta fito ki rubuta ta a takarda kafin ki taɓa komai, domin da ita za ki iya biya a banki ko shafin ya mutu. In kuma ya mutu bayan kin danna biya, kada ki yi saurin sake biya. Ki duba saƙon banki ki ga ko an cire kuɗin, ki duba matsayin lambar a shafin Remita, sannan ki san abin yi. Katin duba sakamakon WAEC da NECO ma adadin amfaninsa ƙayyadadde ne, sakamako na fitowa ki ɗauki hoton fuskar wayar. Na JAMB kuwa ba sai da burauza ba: a tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin da yaron ya yi rajista da shi, a tabbatar akwai kuɗin kira a layin, sakamakon zai zo ta saƙo.